Garayar Kaka a Bayan Zana

Tun cikin yaron nan yana wata huɗu nake tsoron idonsa. Ban ga komai ba, ba wanda ya faɗa mini komai. Haka kawai in ina daka sai in tsaya da taɓarya a hannu. A ƙauyen da aka haife ni, gefen dajin Kamuku, da wuya ka shiga gida na bakin rafi ba ka tarar da makaho ba, har da namu gidan. Sai na sa wa raina abin yana bin jini. Na faɗa wa maigidana, wanda tela ne, ya ce in daina kira wa kaina masifa. Na sauka lafiya, aka yi suna, mata na ta cewa ga ido tubarkalla. Yana wata biyar na lura ba ya bin cokali da kallo, ni ma ba ya bi na, sai na yi magana yake juyowa. Sau biyu muka je asibiti Kaduna. Likita ya ce haka ya zo, babu maganin da za a ɗiga.

Yanzu shekararsa huɗu. Baffan maigidana, wanda shi ne babba a gidan nan namu na Birnin Gwari, ya yanke magana: da an gama girbi za a kai shi Zariya wajen sarkin makafi, ya tashi cikin irinsa, ya koyi waƙar bara. Ba da mugunta ya faɗa ba. Cewa ya yi, "'Yata, abin da zai ci nake duba masa." Na durƙusa na ce to. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In share tsakar gida, in koma in sake sharewa. A aji uku na tsaya, rubutuna sai a yi haƙuri da shi, amma akwai abin da na gani ina yarinya, shi ya sa na ɗauki biro.

Kakana na wajen uba ban taɓa saninsa da ido ba. Kafin a haife ni ƙudajen rafi suka cinye masa gani, kaɗan-kaɗan, kamar yadda suka yi wa mutane da yawa. Aikinsa tufka. Da hantsi zai fito gindin ɗorawar ƙofar gida, ya miƙe ƙafa, ya ɗaura ramar a babban yatsa, ya yi ta murzawa a cinya. Har yau in na ji warin jiƙaƙƙiyar rama shi nake tunawa. Ba ya yarda a riƙe masa sanda. In na matso ina sanɗa sai ya ce, "Amarya, tafiyarki kamar ta agwagwa, wa za ki ɓuyar wa?" In ce, "Ni ba na son tsoho." Ya ce, "Tsohon ma ya gaji da tuwonki mai gudaji."

A ɗakinsa akwai garaya rataye a jikin bango, ƙura ta rufe ta. Ba mai taɓawa. Inna ce ta ba ni labarinta muna surfe. Ta ce a da shi ne mai kiɗan maharban yankinmu duka, kowane maharbi da takensa a hannunsa. Bayan idon ya tafi ya ci gaba da kiɗa, har wata ranar kasuwa yana cikin kaɗawa wata baƙuwar mata ta zuba masa gero a gaban riga, ta ce, "Ga sadaka, bawan Allah." Wai nan take ya tashi. Ya dawo gida ya rataye garayar, bai ƙara saukewa ba. Maharba suka yi roƙon duniya, ya ce hannunsa ya mutu.

Ina wajen shekara tara, lokacin ana kashe sule da kwabo, aka kawo mana sabon malamin makaranta, Bagware, Kirista, mai yawan dariya. Ticha kowa ke ce masa. Yana da garmaho mai batir da tulin faifai da ya saya hannun wani Bature mai komawa gida. Ran Asabar yakan kawo shi gindin ɗorawa don ya tsokani Kaka. Duk faifan da ya sa, Kaka ya ce, "Ticha, wannan kiɗa ne ko kwanuka suka zube?"

Wata Asabar cikin rani, ana zafi har ganye ba ya motsi, ya sa wani faifai. Na ga hannun Kaka ya tsaya a kan cinya. Kiɗan yana sauka kamar ruwan farko a kan kwano, ya yi sauri, ya lafa, ya sake tashi.

"Su uku ne," in ji Kaka. "Akwai mai ganga, akwai mai wata babbar tsirkiya. Na ukun nan kuwa shi suke bi. Hannunsa na hagu tafiya yake, na dama gudu. Mene ne yake kaɗawa?"

Ticha ya ce fiyano ne, akwati babba mai haƙora farare da baƙaƙe, da yatsa goma ake danna shi. Ya juya kwalin faifan yana karantawa, yana mayar mana da Hausa. Ni na leƙa na ga hoton mutum da baƙin tabarau. Ticha ya ce, "Baba, ashe ɗan'uwanka ne. Makaho ne."

Ya ce mutumin ɗan wata ƙasa ne bayan teku, Barazil. Haka aka haife shi. Ubansa makaɗi ne, shi ya zaunar da shi gaban akwatin tun yana ƙarami. Ya yi makaranta, da yatsa yake karatu, a wata takarda mai ƙuraje-ƙuraje. Ya yi kiɗa a gidajen rediyo da manyan otal na ƙasarsu, har jirgi ya ɗauke shi zuwa Amurka don a ji shi.

Kaka ya ce, "Ƙarya kake, Bagware."

"Wallahi, Baba, ga shi a rubuce."

"Masu idon nan biyu, su ke bin sa?"

"Kai ka faɗa da bakinka."

"To in ya gama, me suke ce masa? Ga sadaka?"

Ticha ya yi dariya, ya ce tafi suke yi, kuma tun a ƙofa suke biya kafin su shiga. Kaka ya tambaya ko Baturen da ya fara sayen faifan ya taɓa ganin mutumin. Ticha ya ce ina zai gan shi, kiɗan kawai ya ji ya saya. Kaka ya sa aka maimaita faifan har batir ya fara ja.

Kwanakin da suka biyo baya ba mu gane masa ba. Igiya ta daina fita daidai, ya tufka ya warware. Ya shiga ɗaki ya fito, ya zaga bayan rumbu ya dawo. Abinci sai ya taɓa ya ture. Ran nan na kai masa kunu na tarar ya sauke garayar, yana shafa fatar da man shanu. Ya ce, "Amarya, in kika faɗa na sake ki."

A ƙarshen rani, in an dawo babbar farauta, maharba kan taru da la'asar a ƙofar gidan Sarkin Baka, shugabansu, a raba nama a yi wasa. Tun da Kaka ya bari, daga wajen Tabanni suke ɗauko mai kiɗa. Gidan Sarkin Baka da namu fili ɗaya ne. Da safen ranar Kaka ya sa babana ya kafa masa zana a gefen filin, wai rana ke damunsa. Baba ya kafa yana ƙunƙuni. Ni kaɗai na san abin da ke cikin buhun da Kaka ya shiga bayan zanar da shi. So yake a ji shi ba a gan shi ba, kamar mutumin faifai.

Aka taru, ga bindigogin toka a jingine, ga nama a kan ganye, ƙuda ko'ina. Baƙon mai kiɗa ya yi nasa, ya ajiye ya karɓi fura. A nan ne garaya ta tashi daga bayan zana. Da farko tana rawa kamar mai tsoro, har na ji kunya ta kama ni, na ce yau za a yi mana dariya. Sai ta miƙe. Taken Sarkin Baka ne. Tsohon nan da ko tashi sai ya dafa ƙasa, na gan shi tsaye, wuƙa a hannu, yana kirari muryarsa na fashewa. Maharba suka zabura. Sarkin Baka ya nufi zanar ya finciko ta gaba ɗaya, ga Kaka zaune, gumi ya jiƙa shi.

"Tsohon banza! Ni za ka ɓuyar wa? Ko ina kabari na ji hannun nan na san shi!"

Kaka bai tsaya ba sai da ya kai taken ƙarshe. Sarkin Baka ya je da kansa ya ɗauko cinyar gada, wadda a al'adarsu rabon mai garaya ce, ba ta kowa ba, ya ɗora masa a hannu. Ya ce, "Karɓi haƙƙinka." Kaka ya shafa ta sama da ƙasa, ya ce, "Wannan 'yar? Lallai ka tsufa." Baƙon mai kiɗa ma har da shi a dariya, aka yanko masa ɗayar.

Rani biyu ya ƙara yi musu kiɗa. A kasuwa kam bai sake ba har ya rasu, cikin wata damina.

Yanzu duk wannan ya wuce. Sarkin Baka ya rasu, gwamnati ta sa masu gadi a dajin, samarinmu sun koma bin manyan motoci. Garayar gara ta ci. Ticha an ɗauke shi tuni, ban san inda yake ba, da shi zan tambaya. Ko da yarona zai gaji hannun Kaka, babu maharbin da zai yi wa kiɗa. Kuma ya gada, ina gani. Yana kife ƙore uku a gabansa ya yi ta bugawa da yatsu, in na sauya masa ɗaya ya sani. In ya ƙwanƙwasa randa ya gaya mini inda ruwa ya tsaya. Ba na cewa zai hau jirgi. Amma wancan mutumin wani ne ya zaunar da shi ya koya masa, ni kuwa ban san inda zan zaunar da nawa ba.

Na ji a wajen awo wai akwai makarantar makafi can wajen Jos, wasu suka ce a Kaduna ma akwai. Ba wanda ya san yadda ake shiga. Maigidana ya ce in na kawo magana tsayayya zai tunkari Baffa da ita, amma ba zai je masa da jita-jita ba. Dawa ta fara fitar da kai.

Don Allah, wanda ya karanta wannan, in ka san makarantar, ka gaya mini garin da take, shekara nawa ake karɓar yaro, da wanda za mu gani in mun je. Ka ba kowane direban Birnin Gwari saƙon, ka ce a kai wa matar tela mai yaro makaho, 'yan tasha sun san gidan. A taimaka kafin a yanke dawa.