Injiniya a Ɗakin Jinya

Ni dai magani nake sayarwa, kuma mai sayar da magani ba ya fita neman gulma, ita ke zuwa ta same shi har kan kanta. Abin da mutum ya saya shi ke gaya miki abin da ke gidansa. Shagona yana ƙasan benen da muke haya, ƙofarsa na kallon matakala, duk mai hawa da sauka sai ya gifta ta gabana. A nan na fara ganin yarinyar da nake kira Injiniya.

Ranar da ta iso garin nan akwati ɗaya take ja, ga jakar kwamfuta a kafaɗa, ga wani dogon bututun roba a hammata. Ta yi sallama, ta tambaye ni hawan da kawunta yake. Na ce, "Ke kuwa 'yar nan, bindiga kika zo mana da ita?" Ta tuntsire da dariya, ta zare murfin bututun, ta warware wata faffaɗar takarda a kan kantata, ta danne gefenta da kwalbar maganin tari. Zanen asibitin yara ne, aikinta na gama jami'a. Ta nuna mini ta inda iska za ta shiga, da inda uwa za ta zauna ta hango ɗanta ba sai ta tashi ba. Ban gane rabin abin da take faɗa ba, amma na gane yarinyar nan tana son aikinta kamar ranta.

Babanta magini ne, ya rasu tana tsakiyar karatu. Tun tana ƙarama take kai masa abincin rana wurin gini, ta zauna kan bulo tana kallon yadda yake jan igiya. Ita ce ta fari da ta gama jami'a a gidansu. Garinsu ƙarami ne, in an gina shago ɗaya a shekara sai a yi ta labari. Nan kuwa duk inda ka waiga bene ne ke tashi. Shi ya sa da kawunta, ƙanen mamanta, ya ce ta zo ta zauna a wurinsa kafin ta samu aiki, ba ta ko tsaya shawara ba.

To, ga yadda gidan yake. Kawun ma'aikacin ofis ne, matarsa a banki take, tun da sassafe suke ficewa, yara su tafi makaranta. Ba a barin kowa sai mahaifiyar matar, tsohuwa da ɓarin jikinta ya shanye, tana kwance a ɗakin da ke kusa da banɗaki. Masu jinya na haya sun yi ta zuwa suna gudu, don tsohuwar akwai baki, ga tsinuwa ga jifa da cokali. Ta ƙarshe ta gudu ne a makon da Injiniya ta zo. Matar kawu ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ki ɗan riƙa leƙa mana Kaka kafin mu samo wata, kin ji 'yar albarka."

Leƙawa fa aka ce.

Kuskuren yarinyar nan ɗaya ne a duniya: ba ta iya yin aiki da rabin hannu ba. Da ta ƙona abinci sau biyu, ko ta yamutsa fuska ranar da ta fara ɗaga zanin gado, wallahi da tuni an nemo wata. Ina! Sai ta sauko shagona tana tambaya: yaya ake juya mutum ba a ji masa ciwo ba, me ake sa wa gyambon kwanciya, wane man ne ba ya ƙona fata. Ta sauya wa gadon wuri ya koma gefen taga. Ta auna banɗaki, ta zana ƙarfen dafawa, ta kai wa mai walda ya ƙera, ta tsaya a kansa har ya kafa shi daidai. Gyambon da ya gagari kowa ya kame. Warin ɗakin ya tafi. Tsohuwar da ke zagin kowa ta koma kiranta "ƙawata", kuma ta ƙi karɓar abinci a hannun kowa sai nata, har da 'yar da ta haifa.

Na ja ta gefe na ce, "Injiniya, ki rage iyawa. Sa kai ya fi bauta ciwo."

Ta ce, "Haba Mama, ina cin abincinsu, ina kwana a gidansu, in zuba wa tsohuwa ido? Ai na ɗan lokaci ne. Kawu ya ce ya yi magana da wani mutum."

Wannan mutumin na kawu, har yau ban ga mai kama da shi ba. Yau ya yi tafiya, gobe an yi masa rasuwa, jibi an sauya masa ofis. Maganar neman mai jinya kuwa ta bi ruwa, babu wanda ya sake tayar da ita. Me zai sa a tayar? An samu wadda ba ta neman hutu, ba ta gudu, kuma ana ce mata 'yar gida.

Ita dai ba ta zauna ba. Tsohuwa na barcin rana, ita tana bakin gado da kwamfuta a cinya tana neman aiki. Aka kira ta ganawa wurare, wasu ta je, wasu ba ta samu wanda zai zauna da Kaka ba. Ana nan, shekara ta kusa zagayowa, wani ƙaramin kamfanin gini ya ɗauke ta gwaji. Wata mace ce ke da shi, ta ga zanenta ta ce ta zo ta tsaya a wurin wani gini da suke yi a bayan gari.

Ranar farko da ta dawo, ban taɓa ganin mutum yana murna da datti haka ba. Takalmi ya yi fari da siminti, hular kwano a hannu, fuska duk gumi. Ta faɗo shagona ta ce, "Mama, yau na sa an rushe bango! Ya karkace, birkila ya ce ƙarya nake, na ce a sa ma'auni." Na ce, "Iye! Yau ga 'yar magini." Na buɗe mata lemo mai sanyi, na ƙi karɓar ko sisi. Na yi farin ciki ranar nan kamar ni na haife ta.

A sama kuwa gida ya rikice. An kawo wata mata ta haya, tsohuwa ta dube ta sau ɗaya ta datse baki. Ba ci, ba sha, ba magani, sai kuka da kiran ƙawarta. Wayar Injiniya ta riƙa ƙara a wurin aiki. Matar kawu ba ta taɓa cewa ta dawo ba, sai dai ta ce, "Ba komai, na dai ce in gaya miki Kaka ba ta sa komai a bakinta ba tun safe." Yarinya ta bar ma'aikata ana tsakiyar zuba kankare, ta hau mota ta ratsa gari, ta ba tsohuwa abinci, ta koma ta tarar an tashi. Mai kamfani ta yi haƙuri sau ɗaya, ta yi sau biyu, ta fara ɗaure fuska.

Sai ga abin da ake gudu. Matar hayar ta fita tsakar gida amsa waya, tsohuwa ta yunƙura za ta sauko da kanta, ta faɗo daga gado, ƙashin ƙugu ya karye. Ni na taya su saukar da ita a matakala, tana ihu har maƙwabta suka firfito. A asibiti babu wanda ya ce wa Injiniya laifinta ne. Matar kawu ta dai share hawaye ta ce, "Da kina nan da haka ba ta faru ba." Kalma ɗaya ba ta ƙara ba, kuma ba ta buƙaci ƙarawa ba.

Da yamma mamanta ta kira daga gida. A shagona ta amsa, ina jin muryar uwar tana fitowa daga wayar. "Kar ki ba ni kunya a gidan ƙanena. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Aiki ba ya ƙarewa a duniya, tsohuwa kuwa yau ne ko gobe. Ki yi haƙuri ki rabu da ita lafiya." Injiniya ta ce, "To, Mama." Washegari ta mayar da hular kwano. Mai kamfani ta ce ta so ta riƙe ta, amma gini ba ya jiran mutum.

Raina ya ɓaci, na tare kawun a matakala. Na ce, "Yallaɓai, tsakaninka da Allah, jinya yarinyar nan ta karanta? In 'yarka ce ta cikinka, za ka ajiye ta tana kwashe kashin surukarka?" Ya gyara gilashi ya ce, "Mama, ai 'yarmu ce. Ci, sha, sutura, me ta nema ta rasa? Kuma ita da bakinta ta ce za ta zauna, ki tambaye ta." Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Ita ta ce. Ba a ɗaure ta da igiya ba, da kunya aka ɗaure ta, kuma ban san wuƙar da ke yanka wannan ba.

Tsohuwar da aka ce yau ne ko gobe, Allah ya ja kwananta, kuma jinyar kirki ce ta ja shi. Shekaru suka yi ta wucewa. Yaran gidan da na sani da gajeren wando suka fara aske gemu. Injiniya ta daina zancen aiki. Abokan karatunta suna turo hotunan gine-ginen da suka yi, da na bikinsu, da na 'ya'yansu, har ta fice daga zauren nasu na waya. Garin da ta zo dominsa, ba ta san komai nasa ba sai hanyar asibiti da matakalar benenmu. Ta fara sayen man ciwon baya, na ce na Kaka ne? Ta ce a'a, nata ne.

Kar ku ce ba ta son tsohuwar. Tana son ta, shi ne ma babbar masifar. Ta taɓa gaya mini cewa wata rana tana taje mata kai, tsohuwa ta dube ta da hankalinta garau ta ce, "Ƙawata, na cinye miki ƙuruciya. Ki tafi abinki." Tana faɗa tana damƙe da hannunta da hannun nan mai lafiya, ta ƙi saki har barci ya ɗauke ta. Injiniya ta ce, "Mama, wanne zan ji, bakin ko hannun?" Na juya ina gyara kwalayen da ba su buƙatar gyara.

Da tsohuwa ta cika, duk gidan babu wanda ya kai Injiniya kuka. Masu zuwa gaisuwa suka cika falo, matar kawu tana nuna ta ga kowa: "Ga wadda ta riƙe mana Kaka. Ko ɗigon gyambo babu a jikinta har ta koma ga Allah. Hannun yarinyar nan akwai albarka." Na ga wasu mata suna kallonta irin kallon da ake yi wa kaya mai kyau a kasuwa.

Bayan an watse ta sake fita neman aiki, da takalminta na da. Duk inda ta je tambaya ɗaya ce: ina kika shiga duk shekarun nan? Manhajar zanen da ta iya an daina aiki da ita. Waɗanda ke yi mata tambayoyi wasunsu ƙannen bayanta ne. A gida kuma babban ɗan kawu ya fara auna ɗakin Kaka da ido, yana cewa ya gaji da kwana da ƙannensa. Babu wanda ya kore ta. An dai daina tambayarta ko ta ci abinci.

Wata safiya ina share ƙofar shago sai ga wata baƙar mota ta tsaya, direba ya fito yana duba waya. Injiniya ta sauko da kayanta. Na ce, "An samu ke nan?" Ta ce, "An samu, Mama." Mahaifin shugaban su kawu ne ya kwanta, matar shugaban tana cikin masu gaisuwar nan. Za a ba ta ɗakinta, za a biya ta albashi.

Na yar da tsintsiya. Na ce, "Ba inda za ki! Ki dawo ɗakina, ga katifa, ki ci abin da na ci, ki nemi aikinki ko shekara nawa za a yi. Don wannan babanki ya ɗauki bulo a ka?"

Ta yi murmushi, irin na wanda ya riga ya gama kukansa. Ta ce, "Mama, shekaranjiya na zauna in zana ɗaki ɗaya, ɗaki ɗaya tak, na rasa ta inda zan fara. Hannuna ya manta. Amma ki kwantar mini da mutum yanzu, ido rufe zan juya shi. Tun da na zo garin nan, waɗannan ne suka fara aiko mota don suna so na."

Direba ya danna ham. Ta rungume ni, ta shiga, ta zauna a baya. Motar ta fara motsi sai ta sauke gilashi ta kira ni. Na matsa da sauri, zuciyata na cewa ta fasa.

Ta ce, "Mama, in wani ya zo shago yana neman mai jinya, ki ba shi lambata. An ce wannan ɗin ya tsufa sosai, ba zai daɗe ba."