Mai Kashe Fitilar Inji

Tun da wani mutum ya shigo filin dillalin motoci, wata malamar makaranta da ke wurin ba ta ɗauke ido daga kansa ba. Wai makanike ne, amma rigarsa fara fat, faratansa ko ɗigon baƙin mai babu. Duk kayan aikinsa wani ɗan akwati ne kamar na ashana, wanda ya jona a ƙarƙashin sitiyarin motar da ta zo saya.

Yana zaune, ƙafa ɗaya a waje, yana rubuta wa akwatin gajerun umarni ta waya. Ya jira amsa, ya gyaɗa kai, ya waiga, ya sake rubutawa. Wataƙila kwamfuta ya karanta bai samu aiki ba. Wataƙila kuma ya samu, aka kore shi.

Sai fitilar gargaɗin inji, wadda ta gani tana ci ɗazu, ta mutu.

"Malama, yanzu lafiyarta lau," in ji dillali, yana washe baki.

"Me aka gyara?"

"Haba, ai na'ura ta yi magana da ita!"

Ta dubi murfin injin. Ƙurar da ke kansa tana nan yadda take, ko shatin yatsa babu.