Taliyar Babban Yatsa

Gelsomina ta tsufa a bakin ƙofarta a tsohon garin Bari, tana murza taliyar nan da muke kira 'yan kunnuwa. Kullum da katako a gabanta, da wuƙa, da baki. Bakin ya fi wuƙar kaifi. Rabin lungunmu a hannunta suka yi tumbi. Sai ga jikanta Tullio, ɗan shekara biyar, ya gagare ta.

Yaron ba ya cin komai sai farar taliya, ba miya, ba ganye. Wuya ya zama kamar mariƙin lema. Likita ya gaya wa uwarsa Ornella cewa in bai ƙara nauyi ba, asibiti za a kwantar da shi. Tun daga ranar Gelsomina ta yi abin da macen Bari ba ta yi: ta riƙa ɗora masa tukunyarsa daban, tana bin sa da cokali kamar mai roƙon gafara.

"Tukunya biyu a gida ɗaya?" in ji mijinta Sabino. "Ni da na aure ki ban ga wannan gata ba."

"Kai ko takalmi na dafa ai lamushewa za ka yi, tsohon banza. Tafi can!"

Wata Lahadi yaron ya dame ta da jan siket, ta gutsuro ƙullu ta dangwara masa don ya ƙyale ta. Ya yi ta danna babban yatsa, yana fitar da wasu karkatattun abubuwa da ko kare zai duba sau biyu. Hankalinta na wajen likita, ta kwashe duka, nata da nasa, ta zuba cikin ganye mai ɗaci da tafarnuwa. Sai da aka hallara a tebur, babban kwano a tsakiya, ta tuna ba ta dafa farar ba. Idon Ornella ya ciko.

Sabino ya tsamo wata karkatacciya ya ɗaga sama. "Wane makahon ne ya yi wannan? Bari in haɗiye in rufa masa asiri."

"Tawa ce, Kaka!" Tullio ya fizge ya jefa baki, har da ganyen da ya maƙale. Ya yamutsa fuska, ya tauna, ya haɗiye. Gelsomina ta buɗe baki za ta yi kirari, Ornella ta take mata ƙafa. Ran nan tsohuwar nan ta yi shiru, abin da ko a coci ba ta taɓa yi ba.

Yaron ya yi ta tonon kwano yana neman nasa kafin kakansa ya riga shi.

Yanzu a katakon su biyu ne. Ba a koma wurin likita ba tukuna. Kowace safiya sai ta kama tsintsiyar hannunsa, wai goge masa gari take yi. Aunawa take yi, duk mun sani.