Takalmin Kawu Ɗanjuma a Ranar Baisakhi

Laifina ɗaya ne a ranar: na yi shiru. Ni ɗin da Umma ke cewa ko a barci bakina ba ya zuwa hutu, sai ga shi na kulle shi daidai lokacin da kalma uku za su raba mu da abin kunya. Wata Lahadi ce a tsakiyar Afrilu, ina ɗan shekara goma sha biyu, ruwa na zuba kamar an fasa randa, muna tsaye a ƙofar wani zaure a hawa na huɗu kusa da titin Liuhua Lu a ƙasar Sin, ni da Kawu Ɗanjuma.

Kawu ƙanin Umma ne. Duk lokacin baje kolin Pazhou sai ya taso daga Kano ya sauka gidanmu a unguwar Xiaobei, ya ƙwace min katifa, ya tsince naman miya, sannan ya ce miyar ba gishiri. Idan ya saka babbar riga, sai ƙofar jirgin ƙasa ta rufe sau uku kafin ya gama shiga. Kalmar Sinanci ɗaya ya iya, "laoban", wato maigida, yana kuma faɗinta kamar shi ya haife ta. Ya ji labarin wani attajiri ɗan Punjab mai harkar kayan gyaran babur, ya ce lallai in kai shi, tunda jikan mutumin abokina ne.

Harjit ke nan. Ajinmu ɗaya, yara na tsokanarsa da ƙullin gashin kansa, ni kuma da fatata, sai muka haɗa kai muka zame wa makarantar annoba biyu. Shi ya gayyace ni Baisakhi, bikin girbin alkama a ƙasarsu, kuma ranar da mabiya addinin Sikh ke tunawa da kafuwar jama'arsu. Ya faɗa min komai tun da wuri: ana cire takalmi, a rufe kai, kowa ya zauna a ƙasa a ci abinci iri ɗaya kyauta, ba a tambayar addininka ko aljihunka. Aikin kuwa su suke yi da hannunsu don neman lada, kuma mafi girma a cikinsu shi ke rige-rigen ɗaukar mafi ƙasƙancin aiki.

To, a bakin ƙofar ga wani tsoho mai farin gemu da rawani ruwan goro, a durƙushe da tsumma, yana goge takalman baƙi yana jerawa. Kakan Harjit ne, attajirin da Kawu ya shafa rabin kwalbar turare dominsa. Kawu ya fizge takalmi da ƙafa ya shuro masa, ya jefa 'yan canji a kai, ya ce da guntun Turancinsa a goge da kyau. Ya juyo gare ni: "Kai Sadik, ka gaya wa dattijon nan takalmin fatar kada ne, kada ya sa masa ruwa. Ka kuma tambaye shi ina laoban." Na buɗe baki, shaiɗan ya raɗa min cewa wannan kallo ba na kullum ba ne, na mayar na rufe. Dariya ce ta ci amanata, ta fito ta hanci. Harjit na tsaye da bokitin ruwa, ya ga komai.

A ciki Kawu ya nemi kujera, aka ce babu. Ya zauna a ƙasa tsakanin wani ɗan dako da wani likita, yana nishi kamar buhun masara da aka jefo daga mota. Ana karɓar gurasa da hannu biyu, shi ya miƙa yatsa biyu. Ya ce miyar wake ba abincin manya ba ce, ya sha kwano uku.

Da muka fito ya sake neman laoban, wani saurayi ya nuna masa tsohon, wanda ke riƙe da takalmin yana ƙyalli. Tsohon ya ajiye masa a gaban ƙafa, ya mayar masa da canjinsa, ya ce, "Baƙonmu ya ƙoshi?" Babbar rigar nan sai ta koma kamar lemar da iska ta karya. Har yau a Kano Kawu cewa yake shi ya fasa cinikin, wai kayan ba su da inganci.

A matakala Harjit ya tare ni. Bai ɗaga murya ba. "Kawunka bai sani ba," in ji shi. "Kai ka sani."

Yanzu shekarata goma sha shida. Duk Afrilu idan na wuce ta titin sai in ji kamar ƙamshin man shanu da alkama na saukowa daga hawa na huɗu, alhali wurin ya zama sito na jakunkuna. Na ba da labarin nan ya fi sau dubu, ana dariya har a riƙe ciki, kuma kullum a kan Kawu nake tsayawa. Ashe raina mutum ba sai da shuri ba.

Washegarin bikin nan Harjit ya canza kujera a aji. Bayan shekara ɗaya suka koma Punjab, bai yi min sallama ba.