Ƙashin da Aka Tono a Kudenda

Shekarar da aka dakatar da fita daji saboda rashin tsaro, na dawo gidanmu a Kakuri na rasa inda zan sa kaina. Kafin nan, duk rani muna bin malaminmu na jami'a zuwa tuddan ƙasar Sakkwato, muna tonon ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe tun kafin ɗan'adam, waɗanda suka daskare suka zama dutse. Babban burinmu mu dace da na dainoso, ƙatuwar dabbar nan mai kama da ƙadangare.

Zama ya gagare ni. In fita, in dawo, in sake fita. Ko kasuwa aka aike ni, idona na ƙasa.

"Wai me ka yar ne?" Inna takan tambaye ni.

Na san sarai dutsen da ke ƙarƙashin Kaduna ba ya riƙe irin wannan ƙashi, tun a aji aka koya mana. Duk da haka ban iya wuce rami ban leƙa ba. A haka na saba da wani dattijo mutumin Kudancin Kaduna, direban katafila, suna haƙa harsashin wata masana'anta a Kudenda.

Wata rana da hantsi ya kira ni a waya.

"Malam, zo maza! Na ci karo da ƙashi, ƙato."

Na tare keke. Cunkoso ya riƙe mu a hanya, na dire na ƙarasa da sassarfa. Na tarar ya kashe injin, leburori sun yi cirko-cirko a bakin ramin. Na sauka ciki, jar ƙasa har gwiwa.

Ina ɗaga ƙashin na ji shi sakayau. Ƙashin cinyar saniya ne, har da sarar gatarin mahauci a jiki.

"Baba, saniya ce."

Leburori suka kwashe da dariya. Shi kam bai yi ba. Ya karɓa ya jujjuya.

"To na gasken yaya yake?"

"Nauyi gare shi, Baba, kamar dutse. In ka ɗora masa harshe sai ya kama."

Ya gyaɗa kai, ya jefar da ƙashin gefe.

"Ramin gobe ya fi zurfi. Ka zo da wuri."

Na san ba abin da zai fito, amma na je. Na yi ta zuwa har ranar da aka zuba kankare. A hanyar gida na ji masu keke na ƙorafin ana fasa titi don kwalbati a Unguwar Sanusi. Na ce wa direban keken da na hau ya juya da ni can.