Zomona da Madarar Gwangwani

Ko zan manta da komai na ƙuruciyata, ba zan manta ranar Juma'ar da na shiga zauren mahaifina, gaban baƙinsa, ɗauke da kashin zomo a tafin hannuna ina murna ba.

Lokacin ina aji huɗu na firamare, muna zaune a Angwan Iya a nan Keffi. Kawuna ne ya kawo mini zomon daga Gitata, fari ƙal, kunnensa ɗaya a langaɓe. Na haɗa masa keji da tsohon akwatin sabulu, na ajiye a bayan madafa. Kakata, wadda ke kirana angonta, kullum sai ta tsokane ni: "Ango, tunda aka kawo wannan mai dogon kunnen ko gaisuwa ba na samu."

Shekarun ne kuɗin man fetur ya fara shigowa gidajen ma'aikata. Mu da muka saba karyawa da koko, sai ga Baba yana shigowa da burodi da madarar gwangwani. Ni a ganina duk duniya babu abin da ya kai madarar nan daɗi, don haka na ga bai kamata ina shan daɗi zomona yana fama da ciyawa ba. Kullum da safe sai in faki idon Inna, mahaifiyata, in jiƙa burodi da madara in kai masa. Inna kuwa, ganin madara na raguwa, tana ta tsine wa kyanwar maƙwabta.

Wata Laraba na dawo makaranta na tarar da shi a takure a lungun keji, ƙarƙashinsa duk ya ɓaci, wari kamar me. Gudawa ce mai tsanani. Ko kunne bai ɗaga mini ba. Da Baba ya dawo ofis ya leƙa, sai ya girgiza kai ya ce, "A kawo wuƙa kafin ya zama mushe." Ba mugunta ba ce, haka ake yi a gidanmu: dabba in ta kwanta ciwo, a yanka ta tun da sauran ranta. Ni dai na rungume kejin na ɓarke da kuka, har majina. Kaka ce ta sa baki, Baba ya ce to, ya ba ni zuwa saukowa daga masallacin Juma'a. In bai tashi ba, shi ke nan.

Inna ta tura a kira maƙwabciyarmu, matar wani malamin makaranta, 'yar ƙabilar Mada ce mai kiwon zomaye, duk unguwa Mama muke ce mata. Ta iso daidai Kaka na ƙoƙarin ɗura masa kunu, wai ai shi ake bai wa mai zawo. Mama ta karɓe cokalin ta ce, "Haba Iya, wannan ba mutum ba ne fa." Ta juya zomon, ta matsa cikinsa a hankali, sannan ta dube ni.

"Yarona, me kake ba shi?"

Na ce ciyawa. Ta ce, "Ciyawa da me? In ka ɓoye mini, ba zan san maganinsa ba."

Na dubi Inna, na dubi zomon, na ga dai gara in sha duka da in rasa shi. Sai na ce, "Da burodi. Da madara."

Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe kai ne kyanwar." Kaka ta yi dariya har da hawaye.

Mama ta koya mini jinya. Na wanke masa jiki da ruwan ɗumi, na tsane shi da tsumma, na sake masa shimfiɗa da busasshiyar ciyawa. Ta hana ɗanyen ganye da dusa, ta ce harawa kawai, sai ɗan ganyen gwaiba. Ruwa kuma tafasasshe da ya huce, in riƙa ɗiga masa ta gefen baki kaɗan-kaɗan don kada ya shaƙe. Ranar Alhamis a aji ko kalma ɗaya ban ji ba, ana tashi na sheƙo gida a guje. Ya lashi ruwa, amma harawar ko kallonta bai yi ba. Tsoro ya kama ni sosai.

Ranar Juma'a da safe na ji ƙurus-ƙurus a keji, yana taunar harawa. Amma Mama ta ce kada in yi saurin murna, sai na ga kashinsa ya fito a bushe. A masallaci, Allah ya yafe mini, kashin zomo kawai nake roƙo.

Muna dawowa na wuce bayan madafa. Ga su nan, guda shida, a dunƙule kamar wake. Na kwashe na nufi zaure, inda Baba ke zaune da abokan aikinsa ana shirin cin abinci. Ko sallama ban yi ba, na miƙa masa hannu na ce, "Baba, duba, ya bushe."

Nan take zauren ya kece da dariya. Baba ya toshe hanci ya ce, "Na gani, likita. Je ka wanke hannu, an fasa yanka."

Zomon nan ya ƙara shekara huɗu tare da mu, a kan harawarsa. Ni kuma tun daga ranar na gane cewa son abu ba shi ne ka cusa masa abin da kai kake so ba, sai ka tsaya ka san abin da zai karɓe shi. Har yau, in na ɗauko alewa zan cika wa jikokina hannu, sai farin zomon nan ya faɗo mini a rai, in mayar da rabi aljihu.