Sha Huɗu ko Arba'in da Ɗaya

Jiya ina gyara akwati na ci karo da tsohon katin sakamakon 'yata Falmata, na firamaren gwamnati a Gwange. Da yake yanzu ina ajin yaƙi da jahilci, sai na karanta da kaina. Ta 41 ta zo a ajinsu.

Kawuna, Allah ya jiƙansa, shi ya karanta mana katin nan a gindin dalbejiya. Ina tuna ƙamshin turaren rigarsa da tabaransa mai ɗaurin zare. A shekarar na riga na ce in ba ta yi ƙoƙari ba zan cire ta daga makaranta. Ya bi layin da yatsa daga dama, yadda yake bin allo, ya ce, "Ta sha huɗu! Kai ka taɓa zuwa ko na ɗari? Bar yarinya ta yi karatu."

Na bar ta. Yau ita ke koyarwa a makarantar.

Har yanzu na kasa ganewa. Kuskure ya yi, ko kuwa ya gani sarai? Ko wanne ne, Allah ya ba shi nasa sakamakon a hannun dama.